Daren Juma'a a Skokie: gidan abinci a kulle, gidan wasa a cike

Wata Juma'a ce cikin watan Disamba, wajen ukun yamma, irin sanyin nan na Chicago da ke neman cire wa mutum kunne, na tsaya gaban wani gidan abinci na Yahudawa a Skokie da niyyar in sayi gasasshen nama in wuce gida, kawai sai na tarar an kifa kujeru bisa tebura, wani saurayi na goge ƙasa, ya ɗago ya gan ni ta gilashi, ya nuna min agogon hannunsa ya girgiza kai. Ƙarfe uku fa. Kuma ranar Juma'a, ranar da duk mai gidan abinci a Amurka yake jira tun Litinin, don daren Juma'a da na Asabar su ne ciniki, sauran ranakun maneji kawai ake. Na koma mota ina mita. To da daddare hanya ta bi da ni ta Skokie Boulevard, sai ga filin fakin na babban gidan wasan kwaikwayon garin ya cika maƙil, dattijai maza da mata cikin manyan kwat suna takawa a hankali kada santsin ƙanƙara ya kwashe su, kuma duk wanda ya san garin ya san da yawa cikin waɗannan su ma Yahudawan ne.

Abin ya tsaya min a rai. Wancan ya rufe shago tun rana na sama saboda addini, waɗannan kuma sun caɓa ado sun tafi kallon dirama, kuma wai duk jama'a ɗaya. Sai daga baya na gane laifina ne da nake musu kuɗin goro.

Skokie ba wani babban gari ba ne, mutum kusan dubu 68 a ƙidayar 2020, yana manne da Chicago ta arewa. Da can Niles Center ake ce masa, a 1940 aka canza sunan. Yahudawan da suka zo Chicago daga Rasha da Folan da Lituwaniya ƙarshen ƙarni na 19 sun fara sauka ne a yankin Maxwell Street, cunkoso da kasuwar gwanjo, da suka ɗan samu sai suka matsa yamma zuwa Lawndale, bayan yaƙin duniya na biyu kuma aka kwashi jiki aka yi arewa. Wasu unguwannin masu kuɗi na bakin tafki a lokacin ba sa son sayar wa Bayahude gida, Skokie kuwa ga fili, ga babbar hanyar Edens da aka buɗe a 1951, ga magina na neman mai saye. Daga 1950 zuwa 1960 garin ya tashi daga mutum kusan dubu 15 zuwa kusan dubu 60. Cikin waɗanda suka tare har da dubban mutanen da suka tsira daga kisan kiyashin Hitler, shi ya sa a 1977 da wata ƙungiyar 'yan Nazi ƙarƙashin Frank Collin ta ce sai ta yi maci a garin, rigimar ta kai har Kotun Ƙoli. Kotuna sun ba su dama amma ba su taɓa yin macin a Skokie ba, kuma daga wannan rigimar aka faro abin da ya zama gidan tarihin kisan kiyashin da aka buɗe a garin a 2009. Wannan dai labarin wata rana ne.

Abin da ya shafe mu shi ne su waye Yahudawan. Binciken cibiyar Pew na 2020 ya nuna kashi 9 cikin ɗari ne kacal na Yahudawan Amurka baligai suke 'yan Otodoks, wato masu bin dokokin addinin sau da ƙafa, kashi 37 'yan ɓangaren Reform ne, masu sassauta dokokin, kusan kashi ɗaya cikin uku ma ba sa jingina kansu da kowane ɓangare, sannan kashi 17 ne suka ce suna kiyaye dokar abinci a gidajensu. Ka ga kenan masu rufe shago ƙarfe uku tsiraru ne a ƙasar. Amma a wuri irin Skokie sai ka ɗauka su ne da garin, saboda ba sa shiga mota ranar Asabar, dole mutum ya zauna inda zai taka da ƙafa zuwa wurin ibada, to sai suka dunƙule a 'yan layuka, makarantarsu ta malanta ma, Hebrew Theological College, tana garin tun 1958. Inda jama'a suka dunƙule kuwa nan mai abinci yake kafa tukunya.

Dokar abincin, kosha suke ce mata, mutanenmu na yawan cewa ai halal ce ta Yahudawa. Akwai kama, amma ta fi halal tsanani nesa ba kusa ba. Dabba sai mai tuƙa kuma mai rababben kofato, don haka alade ya fita, amma raƙumi ma ya fita, zomo ma haka. Kifi sai mai ɓawo da ƙaya ta iyo, wato tarwaɗar nan da muke farfesu da ita haramun ce a wurinsu, haka jatan lande da ƙaguwa. Abin dariya Attaura ta halatta wasu irin fara, amma kusan Yahudawan Yaman ne kaɗai suka riƙe al'adar cin ta. Yanka kuma sai mahauci na musamman da ya yi karatun abin, da wuƙar da ko ɗan tsaguwa babu a bakinta, bayan an yanka a duba huhu, a jiƙa naman a barbaɗe shi da gishiri don jini ya tsane. Akwai wata jijiya a cinya da wani kitse da aka haramta musu, cire su aiki ne ja, shi ya sa a Amurka yawanci rabin saniya na baya gaba ɗaya ake sayar wa kasuwar da ba ta kosha ba. Ka lissafa kuɗin wannan duka ka ɗora a kan kilo ɗaya na nama.

Amma babbar dokar da ta raba gidajen abinci gida biyu ita ce ta nama da madara. Sau uku Attaura ta hana dafa ɗan akuya cikin nonon uwarsa, malamansu suka faɗaɗa abin har ya zama nama da duk abin da aka yi da nono ba sa haɗuwa, ba a tukunya ba, ba a faranti ba, ba a ciki ba, don mafi yawansu sai sun jira awa shida bayan cin nama kafin su taɓa madara. Saboda haka gidan abinci na kosha dole ya zaɓa, ko na nama ne ko na madara. Ni da kaina na sha kunyar wannan, na gama cin nama na ce a kawo min shayi da madara kamar yadda ɗan arewa zai yi, matar ta yi murmushi ta ce ai babu madara a ginin nan kaf, in ina so akwai ta waken suya. Gidan nama zai ba ka boga babu cuku, gidan madara zai ba ka fiza da taliya da kifi babu ko tsokar kaza. Kifi da ƙwai da kayan lambu su ne 'yan ba-ruwanmu, suna shiga ko'ina, kuma wannan ne sirrin da ya sa sushi na Japanawa ya mamaye gidajen abincin kosha, kusan duk inda ka leƙa akwai ɗan tebur ɗinsa a kusurwa.

Sai kuma mutumin da ba ka gani daga teburinka, mashgiyak, wato mai sa ido. Hukumar malamai ce ke amincewa da shi, a Chicago babbar ita ce cRc, za ka ga tambarinta cikin ɗan kusurwa uku manne a ƙofa. Shi ke kunna wutar girki, don akwai dokar da ta ce sai Bayahude ya sa hannu a dahuwar wasu abinci ko da kukun ba Bayahude ba ne, shi ke fasa ƙwai ɗaya-ɗaya cikin kofin gilashi yana neman ɗigon jini, shi ke ɗora ganyen latas bisa akwatin fitila yana leƙen ƙwaro ganye bayan ganye, don cin ƙwaro haramun ne komin ƙanƙantarsa. Kwalin da aka kawo daga waje sai ya duba tambari, odar nama da za a kai gida sai ya liƙe ta da tef ɗin hukuma. Mai gidan abincin ne ke biyan albashinsa, shi ke biyan kuɗin satifiket, kuma in hukumar ta janye takardar nan yau, gobe kujeru kawai za ka tarar, komin daɗin girkinka. Gaskiya ni ban san wata sana'a da takarda ɗaya ke riƙe da wuyanta haka ba.

To yanzu zo ka ga kalanda. Shabat, ranar hutunsu ta ibada, na shiga minti 18 kafin faɗuwar rana ta Juma'a, tana fita bayan duhu ya shiga ranar Asabar, kusan awa 25, ba girki, ba kunna wuta, ba taɓa kuɗi. A Chicago cikin Disamba rana na faɗuwa wajen huɗu da minti ashirin, ka ga saurayin nan da ya nuna min agogo bai yi ƙarya ba, ma'aikata na buƙatar su isa gida su yi wanka. Bayan Asabar 52 akwai ranakun idi 13 a shekara da su ma ba a aiki, bakwai daga ciki a wata ɗaya suke faɗowa wajen Satumba zuwa Oktoba. Lokacin idin Fesak, kwana takwas da ba sa cin duk wani abu mai yis, da yawa gara su kulle gaba ɗaya da su sake wa kicin fasali. Da bazara kuma akwai kwana tara na makokin rushe haikalin Ƙudus da ba a cin nama sai ran Asabar, gidan nama sai ya koma sayar da kifi ko ya tafi hutu. A idin bukkoki maza ba sa cin abinci sai cikin bukka, sai ka ga an kafa rumfa da rufin ganye a filin fakin. Haya kuwa ta wata goma sha biyu ce cif.

Shi ya sa in ka ji kwastomominsu na ƙorafin tsada, da gaskiyarsu, amma mai shagon ma da tasa. Abin da ke rufa musu asiri ba masu zama a tebur ba ne sosai, odar gida ce. Daren Alhamis da safiyar Juma'a layi ake, ana sayen burodin kitso na Shabat, da miyar kaza, da wani dahuwar wake da nama da dankali da ke kwana kan wuta, colent, sannan ga girkin biki, don bayan ɗaurin aure kwana bakwai ake walima gida-gida, ga na shigar yaro balaga, ga tiren abincin da ake kai wa gidan makoki. Manyan kantuna ma sun gano kasuwar, sun buɗe sashen kosha da nasu mai sa idon, suna kwashe wa ƙananan shaguna ciniki.

Musulmi kan tambaya ko za su iya ci a nan. Da yawa a Amurka na kafa hujja da aya ta 5 cikin Ma'ida su sayi naman kosha inda babu halal, wasu malamai kuma na da ja saboda mahaucin sau ɗaya yake addu'a kafin ya fara yanka ba kan kowace dabba ba. Abin lura dai giya kosha ce, tana iya shiga miya. A Chicago ma ba ka da wannan matsalar, Devon Avenue na nan cike da halal, a cikin Skokie ɗin kanta akwai Pita Inn na Larabawa a titin Dempster, kuma garin yanzu cike yake da Indiyawa da 'yan Fakistan da Assuriyawa da 'yan Filifin.

Akwai kuma kashi na biyu na abincin Yahudawa, wanda ya fi rikita baƙo, wato shagon deli. Nan za ka samu abincin kakanni na gabashin Turai, naman saniya mai gishiri, kyafaffen kifi, bagel, miyar kaza da ƙwallon gari, amma ba satifiket a ƙofa, a buɗe yake ran Asabar, kuma zai iya haɗa maka sanwici na nama da narkakken cuku a kai, abin da ɗan Otodoks ko kusa ba zai je ba. Wannan ba abincin addini ba ne, abincin kewar gida ne. Kuma masu cin sa, su ne dai dattijan nan da na gani suna shiga gidan wasa daren Juma'a.

Dangantakar Yahudawa da wasan daɓe daɗaɗɗiya ce kuma tun asali da tsami a cikinta. Malaman Talmud, tsohon kundin dokokin addininsu, sun yi tir da gidajen wasan Rumawa, wurin zaman banza suka ɗauke su. Ƙofa ɗaya da aka bari ita ce idin Furim, ranar da ake shigar burtu ana kwaikwayon labarin sarauniya Esta, har malamai ana tsokana. Daga wannan al'adar wasan sana'a cikin Yidish, harshen Yahudawan gabashin Turai, ya tsiro, a 1876 a garin Iasi na Romaniya a hannun Abraham Goldfaden, 'yan ci-rani suka taho da shi Amurka, kuma a New York daren Juma'a da ranar Asabar gidajen wasan ke cika, don lebura mai aikin ɗinki lokacin kaɗai yake da shi, malamai na faɗa jama'a na tafiya. Wato rigimar da na gani a Skokie ta haura shekara ɗari. Chicago ma ta yi nata gidajen wasan Yidish a yamma da gari, a nan Paul Muni ya taso yana wasa a dandamalin iyayensa kafin ya je Hollywood ya ci Oscar.

Jikokin waɗancan 'yan kallon su suka tare a Skokie da kewaye, harshen Yidish ya tafi amma ɗabi'ar zuwa kallo ta zauna. Ginin da na wuce, North Shore Center for the Performing Arts, an buɗe shi a 1996, mallakar hukumar garin ne, babban zaurensa na cin mutum sama da 800, ƙaramin kuma wajen 300. A ƙaramin ne kamfanin wasa na Northlight ya sauka a 1997, kamfanin da aka kafa a maƙwabciya Evanston a 1974, cikin waɗanda suka kafa shi har da Mike Nussbaum, ɗan wasan Chicago da ya yi ta hawa dandamali har ya haura shekara casa'in, ya rasu a 2023 yana da 99. Akwai kuma ɗan ƙaramin Skokie Theatre a Lincoln Avenue, tsohon gidan silima ne da aka mayar gidan wasa. Ba ɗaya cikinsu da yake gidan wasan Yahudawa a hukumance, na kowa ne.

Irin waɗannan kamfanoni ba don riba aka kafa su ba, kuma kuɗin tikiti ba ya riƙe su, sai an haɗa da gudummawar masu hannu da shuni da kuma masu biyan kuɗin kakar wasa gaba ɗaya tun kafin a fara. Wanda ya biya na shekara kuwa shi ke da ta cewa ko bai yi magana ba, mai zaɓen wasanni ya san wa ke zaune a kujerun, shi ya sa labarin iyali, da ƙaura, da tsufa, da abin da ya faru a Turai ba sa ɓacewa daga jadawali. Amma ba wanda zai ce a rufe daren Juma'a. Mai gidan abinci ya miƙa wuya ga kalandar addini saboda duk kwastomansa na binta, gidan wasa bai miƙa ba saboda masu riƙe shi ba sa binta, iyakar lissafin kenan, ba wai wani ya fi wani son al'ada ba.

Ɗan Otodoks mai son kallo kuma shinge ne a gabansa kala-kala. Juma'a da daddare da Asabar da rana sun fita, ko da ya sayi tikiti tun Laraba ya taka da ƙafa, malamansa za su ce bai dace da ranar ba. Akwai dokar da ta hana namiji sauraron waƙar mace kai tsaye, wadda ta kashe yawancin wasanni masu waƙa ga masu tsanantawa, ga batun sutura da kalaman batsa a dandamali. Tsakanin Fesak da idin Shabu'ot akwai makonnin makoki da ba a sauraron kiɗa, da bazara ma akwai wasu mako uku. To sai suka yi nasu. Makarantun 'yan mata na shirya babban wasa duk shekara, waƙa da rawa da kaya na gani na faɗa, mata zalla a dandamali mata zalla a kujeru, yarinya ce za ta manna gemu ta fito a malami, uban da ya biya kuɗin makaranta ba ya shiga, sai dai ya sauke su a ƙofa. Wannan ma wasan daɓe ne cikakke, jarida ce kawai ba ta zuwa.

Wanda ya fi ban sha'awa shi ne na tsakiya, wanda ke kiyaye Shabat da kosha amma yana zuwa kallo, kuma suna da yawa a Skokie. Shi lissafinsa na falaki ne. Ranar Lahadi da rana ba matsala, nan ne ma za ka ga mai ɗan hula a ka zaune kusa da wanda ya ci sanwicin nama da cuku jiya. Cikin mako kuma sai ya ci abinci tukun, don abin da ake sayarwa a harabar gidan wasan ba lallai ya zama kosha ba, in nama ya ci ƙarfe shida to ko cakulan mai madara ba zai taɓa ba a hutun rabin lokaci.

Yanayin garin ma na juyawa. Da yawa cikin 'ya'yan mutanen 1950 sun ƙara gaba zuwa Northbrook da Deerfield da Highland Park, masu biyan kuɗin kakar wasa na tsufa, annobar korona da ta rufe gidajen wasa a Maris 2020 ta sa wasunsu ba su dawo ba, iyalan Otodoks matasa masu 'ya'ya da yawa kuma na sayen gidajen da aka bari, su kuwa kuɗinsu makaranta da cefanen Shabat ke cinyewa. Northlight ma ta sanar da shirin komawa Evanston inda ta fito, cikin ginin kanta. Ban ce wannan ne ya kore ta ba, kowa na son gidansa, amma mai sayar da fiza ta kosha ya fi mai sayar da tikiti dalilin murmushi in ya ga motar ɗaukar kaya a layi.

Daren Asabar ne duk ake haɗuwa, shi ma ya danganta da wata. A Janairu Shabat na fita kafin shida, mutum zai yi addu'ar rufewa da kyandir da kofin inabi, ya canza kaya, ya isa gidan wasa kafin a ɗaga labule, ya fito ya tarar da gidan fiza a buɗe, yara sun cika shi da hayaniya. A Yuni kuwa rana ba ta faɗuwa sai wajen takwas da rabi, Shabat ba ta fita sai bayan tara, lokacin 'yan wasa sun yi nisa a kashi na biyu, shi kuma mai fiza sai a sannan mai sa ido ke zuwa ya kunna masa oben.